Daminar da Babanku Ya Rasa Limanci

Na san kowannenku ya taɓa jin wani ɓangare na wannan labari, wani a bakin gwaggo, wani a bakin abokin wasa, wani kuma a gidan biki inda aka yi shiru da ya shigo. Babanku, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa yarda a tayar da maganar a gabansa ba, ni ma na bi shi a kan haka har ya koma ga Mahaliccinsa. Yanzu da ƙarfina ya fara ja da baya, ina so ku ji shi daga bakina yadda ya faru.

A lokacin ina koyar da ilimin halittu a kwalejin horar da malamai, kullum daga gida nake zuwa in dawo. Gidan shi ne wannan da kuka tashi a ciki, a ƙauyenmu da ke tsakanin Tofa da Rimin Gado, inda gona ke manne da gona har ba ka gane iyaka sai da jerin gamba. Babanku, Malam Habibu, yana karantar da magidanta littattafai a zaure bayan asuba, da hantsi ya tafi gona. Shi ne na'ibin Limamin Juma'a. Liman ya tsufa, ciwon ƙafa ya kwantar da shi, don haka Babanku ke jan salla, shi ke huɗuba. Ba wanda ke faɗa a fili, amma kowa a garin ya ɗauka rawanin nasa ne idan lokaci ya yi. Kakarku Inna kuwa har ta fara ce masa Liman idan tana cikin raha.

Da farkon daminar shekarar aka tara mu a kwaleji aka ce an canza manhajar karatu, kuma masu tantancewa za su zo bayan kaka. Duk sashen da bai nuna kayan koyarwa na sabuwar manhaja ba, za a dakatar da shi daga ɗaukar ɗalibai. Kayan kuwa ba a buga su a takarda ba. An zuba su a wani shafi na intanet da aka buɗe wa malaman kwalejoji kyauta na ɗan lokaci: littattafan jagora, zane-zane, da bidiyon gwaje-gwajen da ɗakin gwajinmu ba shi da kayan yin su. Kowane malami an ba shi ƙofarsa ta shiga shafin. Duk kundin da za ka sauke, sai an turo lambar sirri a wayarka ka shigar, kuma mun sa hannu cewa ba za mu ba wani ya shiga da sunanmu ba. A sashenmu ni kaɗai ce ke riƙe da darussan shekarar ƙarshe, don haka babban kason yana wuyana. Ana cikin haka tsawa ta faɗa wa ɗakin kwamfutocin kwalejin, ta ƙone na'urorin intanet, aka ce gyara sai an samu hali.

Ku gane abin da ke gabana. Yawancin ɗalibaina mata ne daga ƙauyukan nan namu, waɗansu da aure har da goyo. An bar su suna karatu ne don kwalejin na kusa, suna kwana a gida. Idan aka rufe sashen, ba wadda za a bari ta tafi wani gari. Gida za su koma, makarantun firamaren karkara kuma su ci gaba da zama ba malamar kimiyya.

Na fara gwadawa a gida. Sabis a garinmu a lokacin sai a kan soro, shi ma sai iska ta ga dama. Bayan la'asar nakan hau da laftof da waya in zauna ina kallon wani koren layi yana jan ciki a kan allo. Ya yi tafiya, ya yi tafiya, har in fara murna, sai ya tsaya cak, ya koma farko kamar ba a taɓa yin komai ba. Na gwada gindin rimin bakin hanya, na gwada bayan asibitin sha-ka-tafi. Ƙananan littattafai suka sauka, manyan kundaye suka ƙi. Inna takan tsaya a tsakar gida ta ɗaga kai.

"Hajara, wai me kike kamawa a sama ne kullum?"

"Karatu ne, Inna."

"To, Allah Ya sa a kama. Mu dai a zamaninmu karatu a ƙasa ake zama a yi shi."

Abokiyar aikina Malama Yagana ce ta kawo mafita. Su Barebari ne, amma tun kakanninsu suke Kano. Ta ce yayanta Alhaji Modu yana fataucin riɗi da zoɓo a kasuwar Dawanau, kuma saboda hulɗa da masu saye na ƙasashen waje ya kafa kwanon intanet a kan rufin ofishinsa, ga sola. Na faɗa wa Babanku, ya ce ba laifi tunda tare da ƙanwar mai wurin za ni. Muka je. Ofishin ɗaki ne a gaban sito, ƙofarsa a buɗe take ga masu dako da dillalai, ana shiga ana fita. Alhaji Modu dattijo ne mai furfura, ya sa aka ajiye mana tebur a kusurwa, ya ci gaba da harkarsa. Ranar na ga koren layin nan ya kai ƙarshe a karon farko, har sai da na yi hamdala da ƙarfi masu dako suka waiwayo.

Ba mu daɗe da fara zuwa ba aka yi wa Yagana rasuwa a dangin mijinta, ta tafi Borno, zaman ya yi tsawo. Na ci gaba da zuwa ni kaɗai a ranakun da ba ni da aji, da sanin Babanku. Ban kawo komai a raina ba. Ashe mutanen garinmu da ke kai hatsi kasuwar suna ganina. Wani ya ga na shiga, wani ya ga na fito da la'asar, wani ya ga an kawo mini abinci. Kafin maganar ta iso ƙauye ta yi ƙiba. Na fara lura ne a wani gidan suna, da na yi sallama aka amsa ciki-ciki, matar da na zauna kusa da ita ta tashi wai za ta duba tukunya. A makon kuma magidanta biyu suka daina zuwa karatun zaure.

Yayan Babanku, Yaya Sale, shi ya kawo maganar gida. Ina ɗaki ina shirya darasi na ji muryarsa a rumfar Inna, bai ko rage ta ba, don yana so in ji.

"Habibu, garin nan gaba ɗaya maganar gidanka ake yi. Matar na'ibi ta wuni a ofishin wani ɗan kasuwa? Dattawa sun aiko ni. Sun ce wanda zai tsaya a gaban jama'a sai ya fara tsayar da gidansa."

"Yaya, da izinina take zuwa. Aiki take yi."

"Ni ban ce ta yi wani abu ba. Amma bakin mutane fa? Liman yau ko gobe ne. Rawanin nan tun kakanmu ake sa ran ya shigo gidan nan, sai yanzu da ya zo bakin ƙofa za ka bari ya wuce saboda kwamfuta?"

Inna ta jira sai da Yaya Sale ya fita. Sannan ta kira ni. Na durƙusa a gabanta.

"Hajara, ni na san wadda na ajiye a gidana," in ji ta. "Ko a mafarki ban zarge ki ba. Amma ina roƙonki, ki haƙura da zuwan nan. Ina so in ga rawani a kan ɗana kafin in mutu."

Da zagi ta yi mini, da ya fi mini sauƙi. Na ce to, na daina.

Na kuwa daina. Babanku bai ce in je ba, bai ce kada in je ba, gidan dai ya yi nauyi. Yana fita ina bin bayansa da kallo, ina shiga aji ina kallon ɗalibaina ina jin kamar na ɓoye musu wata rasuwa. Na tambayi shugaban sashenmu ko za a ƙara wa'adi, ya ce ba a hannunsa yake ba, ranar Juma'ar ƙarshen wata da la'asar za a rufe shafin, bayan nan sai kwalejin da ta yi rajista ta musamman. Na nemi wani wurin. Shagunan intanet na cikin birni da na gwada, layin yakan yanke kafin babban kundi ya sauka, ga cunkoson samari, wanda in an gan ni a ciki maganar sai ta fi ta da muni. Na koma kan soro, koren layi ya ci gaba da yi mini abin da ya saba. Abin da ya rage shi ne mafi muhimmanci, bidiyon gwaje-gwaje na shekarar ƙarshe, waɗanda masu tantancewa za su fara tambaya.

Ranar Alhamis, jajibirin rufewa, wata ɗalibata mai suna Rabi ta tsaya bayan darasi da jaririnta a baya. Ta ce ta ji ƙishin-ƙishin za a rufe sashen, ko gaskiya ne? Ta ce mijinta ya ce in haka ne ta zauna a gida tun yanzu, ba amfanin wahalar hanya. Na ce mata ta zo ranar Litinin kamar kullum. Ban san da wane ƙarfi na faɗi haka ba.

Da na dawo na tarar da Babanku a turakarsa yana duba huɗubar gobe. Na zauna a bakin tabarma.

"Malam, ina neman izini. Gobe ce ranar ƙarshe. Na yi wa Inna alkawari, na kuma san abin da zai jawo maka. In ka ce a'a, wallahi ba zan riƙe ka a zuciya ba. Amma ba zan iya yin shiru in bar ranar ta wuce ban tambaye ka ba."

Ya ajiye takardar hannunsa.

"Ba wanda zai iya karɓar miki?"

"Na sa hannu ba zan ba kowa ba."

"To, alkawari alkawari ne. Ita Inna ni zan yi mata magana. Ki shirya da sassafe, ni zan kai ki. Mu dawo kafin hantsi ya yi nisa."

Akwai hanyar bayan gari da ke bi ta cikin gonaki, ita na ɗauka za mu bi. Sai na ga ya karya kan babur ya nufi tsakiyar gari, ta gaban dakalin da dattawa ke zama bayan sun karya. Yaya Sale na cikinsu. Babanku ya tsaya, ya kashe babur, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ina zaune a baya na ja mayafi har goshi.

"Za mu Dawanau," ya ce da su, "ofishin Alhaji Modu. Malama tana da sauran aiki. Ko akwai mai saƙo?"

Kowa ya kau da kai. Ya tayar da babur muka wuce.

Alhaji Modu ya riga ya ji abin da ake faɗa. Da ya ga Babanku sai ya miƙe, ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya ce shi da ya san taimakon zai zama haka da ya aika an kafa mana kwanon a gida. Babanku ya ce ba abin da ya kawo shi sai godiya. Na kunna laftof, lamba ta shigo waya, kundi na farko ya fara sauka lafiya. Na biyu ma haka. Ina cikin na uku gari ya yi duhu. Hadari ya taso daga gabas, masu dako suka shiga guje-guje suna rufe buhuna da tamfol, sai ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Koren layin ya tsaya. Alhaji ya ce haka kwanon yake, in hadari ya yi kauri ba ya aiki sai ya wuce. Muka zauna muna sauraron ruwa a kan kwanon rufi, ba mai jin maganar wani. Ina kallon agogon bango, Babanku yana jan carbi. Da ruwan ya tsagaita layin ya dawo, amma kundin ya koma farko, ga shi yana tafiya a hankali, ga fitilar batirin sola ta koma ja saboda ba rana. Alhaji ya sa aka kashe fanka da firji da duk wani abu, aka bar ni da na'urar kaɗai.

Rana ta kusa tsakiya. In za a sami Juma'a a garinmu, to lokacin tashi ya yi, ga hanya ta jiƙe. Wayar Babanku ta fara ƙara, Yaya Sale ne, ya kira ya sake kira. Alhaji Modu ya matso.

"Malam, ga mota, direba ya kai ka ka ja salla. Ni zan fita in bar wa Malama ofishin, in sa a rufe ƙofa, ba mai shigowa."

"Na gode, Alhaji. Amma a gaban mutane muka fito tare. In na koma ni kaɗai, na ba su abin da za su faɗa har ƙarshen rayuwarta. Tare za mu koma, ko yanzu ko an jima."

Sannan ya juyo gare ni. Har yau ina ganin fuskarsa.

"Malama, abin da ya sauka ya isa a tsallake da shi?"

'Ya'yana, kalma ɗaya ce tsakanina da rufe laftof ɗin. Da na ce ya isa, ba zai taɓa sanin bambanci ba, da mun hau babur ya hau mumbarinsa. Na dubi allo, na dubi abin da ya rage, na tuna Rabi da goyonta. Ban taɓa yi masa ƙarya ba tun da aka kawo ni gidansa, ban kuma ga yadda zan fara a ranar da ya tsaya mini a gaban gari ba.

"Bai isa ba, Malam."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauki waya ya kira Malam Nasiru, wani ɗalibinsa da ya yi karatu a hannunsa tun yana saurayi, ya ce ya shiga turaka ya ɗauki huɗuba a kan buzu, ya ja mutane salla. Na ji muryar Malam Nasiru yana cewa, "Ni, Malam? Ni?" Babanku ya ce, "Kai. Ka iya." Da aka yi kira suka tafi masallacin kasuwa shi da Alhaji, suka bar ni ina shigar da lamba, hawaye na ɗiga a kan madannan laftof. Rana ta ɗan leƙo, fitilar ta bar ja. Kundi na ƙarshe ya gama sauka ana gab da kiran la'asar. Ina buɗe shi don in tabbatar, shafin ya fitar da ni, ya rubuta cewa wa'adi ya cika.

Mun shiga gari da yamma, taɓo har gwiwar wandonsa. Mutane suka bi mu da kallo har ƙofar gida. Inna tana zaune a rumfa. Na durƙusa zan ba ta haƙuri, ta ɗaga mini hannu.

"An kama?"

"An kama, Inna."

"To, tashi ki ɗora tukunya, mijinki bai ci komai ba."

Ba ta sake ce masa Liman ba daga ranar, ko da wasa.

Masu tantancewa suka zo bayan an yanke gero. Suka zauna a ajina na haska wa ɗalibai gwaji a bango, suka yi tambayoyinsu suka tafi. Sashen ya tsallake. Rabi ta gama, ita ce ta koyar da waɗansunku a firamare, ko da yake ba ku san wannan labarin nata ba. Tsohon Liman ya rasu a cikin kakar nan. Dattawa suka zauna, aka ce Malam Habibu ba a raba shi da ilimi, amma mutumin da ya bar jama'a ranar Juma'a saboda aikin matarsa ba a damƙa masa masallaci. Aka naɗa Malam Nasiru. Ya zo zaure yana kuka ya ce ba zai karɓa ba, Babanku ya ce in bai karɓa ba ya ɓata masa rai, da hannunsa ma ya gyara masa rawanin. Yaya Sale ya shekara bai taka gidanmu ba, shi ya sa kuka taso kuka ga 'yar tazara tsakaninku da 'ya'yansa. Inna ta rasu ba ta ga abin da ta roƙa ba. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna yake yi mini ciwo.

Juma'ar farko bayan naɗin, ina tsakar gida na ji muryar Malam Nasiru a lasifika, na san Babanku na zaune a sahu cikin mutanen da ya yi shekara da shekaru yana ja. Na kasa komai, na zauna a bakin murhu har aka idar. Ya shigo ya rataye babbar riga, na kai masa abinci na koma gefe, ina jiran ko yau zai faɗi abin da ke ransa. Ya ci ya wanke hannu.

"Malama, ɗauko kwamfutar nan. Ni fa har yau ban ga abin da muka je ɗaukowa ba."

Na ɗauko, na rasa bidiyon da zan buɗe, sai na danna wanda hannuna ya faɗa a kai. Ƙwayar wake ce a cikin ƙasa, an ɗauke ta ta jikin gilashi, an gaggauta tafiyar kwanaki ta koma ɗan lokaci kaɗan. Ta kumbura, ɓawon ya tsage, farar saiwa ta fito tana laluben hanya zuwa ƙasa, sannan kan ya lanƙwasa ya ture ƙasar da ke bisansa, ya miƙe ya buɗe ganye biyu. Babanku ya matso har gemunsa na kusa taɓa allo.

"Subhanallahi," ya ce a hankali. "Tun ina yaro nake binne wake, ban taɓa ganin abin da yake yi a can ƙasa ba. Wannan 'yan matan za su gani?"

"Shi za su gani, Malam."

Ya gyara zama, ya jawo matashi ya sa a bayansa.

"Mayar da shi farko," ya ce.